Kafin Ka Ce Gas Ne, Bi Sawun Ruwan

Ƙannena, da ku masu koyon gyaran firij da iyakwandishan a shagunan iyayen gidanku, da ku da kula da gida ta faɗo a kanku saboda ku ne manya a ɗakin mahaifiyarku, ina son mu tattauna a kan wani ɗan ƙaramin aiki da sakaci da shi ke jawo asarar da ta fi shi girma nesa ba kusa ba. Da zarar damina ta kankama, daga Yuli zuwa Agusta, kuka ɗaya ake yi a gidaje da ofisoshi da masallatai: esi, wato iyakwandishan, yana zubar da ruwa a cikin ɗaki. Fenti ya kumbura ya soma ɓarewa, baƙin zane ya sauko daga gindin na'urar har ƙasa, kafet ya ɗauki wari. Abin da akan fara yi shi ne a tara bokiti. Idan bokiti ya gaji, a kira mai gyara. Shi kuwa tun bai sauke jakarsa daga kafaɗa ba ya riga ya yanke hukunci: "Alhaji, ai gas ne ya yi ƙasa."

Sau da yawa ba gas ba ne, kuma babu abin da ya ƙone. Wani ɗan tiyon roba ne ya toshe, wanda a yawancin esin da ake maƙalawa a bango faɗin bakinsa bai wuce milimita 16 ba. Wanda ya san inda zai duba, da buta ɗaya ta ruwa da tocila zai gano matsalar. Amma ruwa ba ya tsami banza, kuma wanda bai san daga ina ruwan yake zuwa ba, ko ya buɗe tiyon yau, wata mai zuwa za a sake kiransa.

Babu wanda ya zuba wa esi ruwa. Daga iskar ɗakin yake tatsarsa. Iska mai ɗumi tana riƙe tururin ruwa da yawa, mai sanyi kuwa kaɗan take iya ɗauka. A zafin digiri 30, kowace mita ɗaya ta tsawo da faɗi da zurfi ta iska tana iya riƙe kusan giram 30 na ruwa. Idan ta sauko digiri 10, abin da za ta iya riƙewa bai kai giram 10 ba. Sauran dole ya sauka. A cikin akwatin da ke jikin bangon ɗaki akwai bututun jan ƙarfe da aka tattanƙwara aka jera masa siraran faifan alminiyom, shi ne masu sana'a ke kira kwayil. Fanka tana jan iskar ɗaki ta bi ta tsakaninsa, shi kuma yana da sanyi ƙwarai, sai raɓa ta sauka a kansa, ta taru ta zama ɗigo, ta gangara cikin wani dogon tiren roba da ke ƙarƙashinsa. Daga tiren ne tiyon ke kwashe ruwan ya ratsa bango da shi zuwa waje.

Kada ku ɗauka wannan ruwan wani aibi ne na na'urar. Dominsa ma aka ƙirƙire ta. A shekarar 1902, wata maɗaba'a a unguwar Brooklyn ta birnin New York a Amurka tana fama da laima: takarda ta kumbura yau, gobe ta tsuke, launukan da ake bugawa ɗaya bisa ɗaya su ƙi hawa daidai. Wani injiniya mai shekara 25, Willis Carrier, shi ya tsara musu na'urar da ke bi da iska ta kan bututu masu sanyi domin ta sauke laimarta. Sanyin da muke biyan kuɗin wuta dominsa yau, a wancan aiki na farko rakiya ya yi. Har yanzu kuwa esi mai ƙarfin doki ɗaya da rabi yana iya fitar da lita ɗaya ko fiye a cikin awa guda idan gari ya yi laima. Ku lissafa dare guda. Duk wannan ruwan ta ɗan tiyon nan zai bi, kuma a esin bango babu famfon da ke tura shi. Nauyinsa ne kawai ke kai shi. Inda hanya ta gangara ya bi, inda ta hau ya tsaya, inda aka tare shi ya koma baya ya cika tire ya tumbatso a kan bango. Wanda ya riƙe wannan, ya riƙe rabin sana'ar.

Abin da na fi so ku fahimta shi ne, toshewar da kuke gani a Agusta ba a Agusta aka gina ta ba. Tun hunturu ake aza tubalinta.

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iska tana kaɗowa daga arewa maso gabas ɗauke da ƙurar Sahara, mai yawa daga cikinta daga kwarin Bodele ne a arewacin Chadi, busasshen gindin wani tsohon tafki, wanda masana ke lissafawa a sahun gaba cikin wuraren da suka fi tayar da ƙura a duniya. Ƙurar nan laushi gare ta, ta fi ƙarfin ragar da ke gaban esi. Ragar tana kama gashi da zaren tufafi da manyan ƙwayoyi, amma mai laushin tana wucewa ta kwanta a kan kwayil da cikin tire. A lokacin kuma iskar Kano ko Sakkwato ko Damagaram a bushe take ƙayau. Ku gwada da kanku: ku ciro ledar fiya wata daga firij a watan Janairu ku ajiye a kan tebur, za ku ga da ƙyar ta yi gumi, ku sake gwadawa a Agusta, kafin ku juya ta jiƙa teburin. Haka kwayil yake. A watan Maris, lokacin da zafi ya taso aka koma kunna esi dare da rana, iska ba ta da laimar kirki, ruwan da ke sauka bai isa ya wanke komai ba. Iyakarsa ya dama ƙurar, ta bushe, ta sake samun wata a kai. Sai a wayi gari iskar damina ta juyo daga kudu, laima ta cika gari, ruwa ya fara sauka da yawa lokaci guda. Ya kwashi tarin wata biyar ya nufi ƙofa guda ƙarama.

Laka kaɗai ma da sauƙi. Abin da ke ɗaure ta shi ne yauƙi. Duhu ga danshi ga ƙura, wurin zaman ƙwayoyin cuta da funfuna ya samu, su ne ke yin wannan abu mai santsi, wani lokaci fari-fari, wani lokaci ruwan ƙasa, da ke manne wa cikin tiyo yana rage masa faɗi. Idan tiyon fari ne mai nuna ciki kuma rana na dukansa a waje, har gansakuka takan fito masa. Ta ɗaya bakin kuma akwai baƙin da ba a gayyata ba. A watannin da tiyon ke bushe, zanzaro yakan same shi rami ne shiryayye ya liƙe shi da laka. Kyankyaso yakan shiga, tsaka takan shiga ta kasa juyowa ta mutu a ciki. Duk mai gyaran da ya daɗe a sana'a ya taɓa zaro irin waɗannan.

To, an kira ka, ko kuwa a gidanku ne abin ya faru. Kafin komai ka kashe wuta daga makunnin bango ko daga bireka. Rimot ba ya raba na'ura da wuta, kwantar da ita kawai yake yi, kuma a gefen akwatin, yawanci ta dama, akwai allon lantarki da wayoyi masu ɗauke da wuta mai ƙarfin bolt 220 zuwa 240, tazararsu da ruwan da kake shirin taɓawa ba ta fi taƙi ɗaya ba. Kada ka ce ai an ɗauke wuta. Mun san halin wutarmu, ba ta sallama idan za ta dawo, ga shi kuma wani yana iya tayar da janareta a bayan gida bai san hannunka na ciki ba. Idan akwai soket ko talabijin a ƙarƙashin inda ruwan ke bi, a zare su a matsar.

Amma tun kafin ka kashe, idan ka tarar esin yana aiki, ka zagaya waje ka dubi bakin tiyon. Minti ɗaya ne, kuma shi ne mintin da ya fi kowanne amfani a aikin. Idan ciki na zuba, waje kuma a bushe, hanya ta toshe. Idan waje na ɗiga kaɗan-kaɗan ciki kuma na zuba, ko dai toshewar ba ta gama rufewa ba, ko kuma akwatin ya karkace. Idan kuwa waje na zuba sosai yadda ya kamata amma duk da haka bango na jiƙewa, ka ƙyale tiyon, laifin ba nasa ba ne. Ka kashe wuta, ka ɗaga murfin gaba, ka zare ragar, ka haska kwayil. Ka ga ƙanƙara? To labari ya sauya, zan dawo kansa. Ba ka gani ba? Ka shafa baƙin soson da aka naɗe bututun jan ƙarfe da shi a inda suka shiga bango. Idan ya yage ko ɓera ya ci shi, bututun da kansa ne ke gumi yana ɗiga, maganinsa sabon soso da salatef.

Daga nan sai gwajin buta. Ka cika ta da ruwa mai tsabta, ka tsiyaya a hankali a kan kwayil ta tsakiya, nesa da ɓangaren lantarki, ka sa wani ya tsaya a waje. Ruwan da ka zuba ya kamata ya fita can cikin ɗan lokaci, da ƙarfi, kusan yadda ka zuba shi. Idan ya tsaya a tire yana kallonka, ka tabbatar da zarginka da idonka, ba da ka ba. Ina son wannan gwaji saboda mai gida ma yana gani. Ba sai ka rantse masa ba.

Wajen buɗewa, ƙa'idar ita ce a jawo dattin ta waje, kada a tura shi ciki. Abin da ya fi dacewa shi ne injin zuƙe ƙura irin wanda ke iya shan ruwa. Ka haɗa bakinsa da bakin tiyon a waje, ka naɗe mahaɗar da tsumma ko ka damƙe da hannu don kada iska ta shiga ta gefe, ka kunna na minti ɗaya ko biyu. Za ka ji sautin ya sauya lokacin da toshiyar ta taho. Ka buɗe injin ka dubi abin da ya fito, domin shi zai gaya maka ko laka ce, ko yauƙi, ko gidan zanzaro. Na san ba kowane shago ke da wannan inji ba. Babban sirinji ko ƙaramin famfon hannu mai zuƙa yana yin aikin, sai dai a hankali. Idan tiyon gajere ne kuma hannu na kaiwa gare shi, sau da yawa matsa shi da yatsu daga sama zuwa ƙasa, gaɓa-gaɓa, tare da ɗan girgizawa, ya isa ya saki.

Akwai abu biyu da yaran shago ke yi da nake roƙonku ku bari. Na farko, sa baki a zuƙa. Ana yi, ana ma alfahari da shi, wai alamar ƙwarewa ce. Ruwan da ya kwana makonni da yauƙi da gawar tsaka a ciki, idan ya taho ba ya jiran ka kau da kai, kuma ba ciki kaɗai yake nufa ba, yana iya sarƙe ka ya gangara huhu. Kuɗin aikin ba zai sayi maganin ba. Na biyu, hura iska daga waje da bulowa ko famfon keke. Wani lokaci hanya takan buɗe, amma ina dattin ya tafi? Ya koma tire, ya fantsama a kan kwayil, wani ya fito ta gaba ya sauka a labulen Hajiya da gadonta. Wanda ya rage a tire kuma zai sake gangarowa ya toshe wurin da ya bari. Idan ba makawa sai an hura, a cire tiyon daga jikin tire a hura daga ciki zuwa waje.

Waya ma ana sa wa, amma ba kowace waya ba. Tiyon esi mai gaɓoɓi ne, fatarsa siririya, kuma idan ya sha rana shekara biyu ko uku yakan bushe ya riƙa karyewa a hannu. Wayar ƙarfe mai tsini za ta huda shi, kuma mugun wurin da take hudawa shi ne cikin bango, inda ba ka gani. Sai ka tafi kana murna ruwa ya daina zuba a ɗaki, alhali ya koma jiƙa bulo ta ciki. Ka yi amfani da igiyar robar nan da masu wayarin ke jan waya da ita a cikin bututu, ka tura a hankali kana juyawa, inda ta ƙi shiga kada ka tilasta. Idan tiyon ya riga ya bushe, kada ka ɓata lokacin lallashinsa. Kayan mai araha ne, ana sayar da shi a mita a wurin masu kayan firij da esi. A sa sabo.

Hanya ta buɗe ba yana nufin aiki ya ƙare ba. Tushen lakar yana tire. Ka goge shi da tsumma ko tsohon buroshin haƙori har zuwa ɗan ramin da ruwa ke fita, domin a bakin ramin nan toshewa ta fi zama. Ka duba ɗaya ƙarshen tiren: yawancin na'urori suna da mafita biyu, hagu da dama, don mai haɗawa ya zaɓi wadda ta dace da ɗakin, ɗayar kuma a toshe ta da murfin roba. Murfin nan yakan tsufa ya saki, kuma na ga inda aka kwance esi gaba ɗaya ana neman abin da ɗan murfin nan ya jawo. Bayan haka ka zuba ruwan ɗumi buta ɗaya ko biyu har ka ga yana fita garau. Kofi ɗaya na farin ruwan khal, a bar shi kamar rabin awa kafin a ɗauraye, yana taimakawa wajen kashe yauƙi.

Ku yi hattara da magunguna masu ƙarfi. Sodar da ake yin sabulu da ita tana cin alminiyom, faifan kwayil kuwa ba su fi takarda kauri da yawa ba. Ruwan batir kada ya ko kusanci wurin. Bilic, wanda aka fi sani da Hypo, yana kashe yauƙi, amma yana sa ƙarfe tsatsa idan ya taɓa kwayil, warinsa kuma fanka za ta raba wa duk wanda ke ɗakin. Abin da ya fi haɗari shi ne garwaya shi da khal ko da maganin wanke masai mai asid. Haɗin yana tayar da iskar kulorin, mai ƙona ido da maƙogwaro da huhu, kai kuma kana kan tsani, fuskarka a bakin tire, ƙofar ɗaki a rufe.

Akwai kuma esin da ake buɗe wa tiyo duk wata amma bai daina zuba ba. Irin wannan tun ran gini, ran zane. Ruwan da nauyinsa kaɗai ke tafiyar da shi yana bukatar gangare, aƙalla santimita 1 a kowace mita, daga tire har bakin fita, ba tare da ko wuri ɗaya da ya hau ba. Mai haɗawa da ke sauri yakan huda bango a miƙe, ko ma bakin waje ya ɗara na ciki tsawo. Yakan naɗe tiyon tare da bututun gas ya bar shi a sama, alhali a ƙasansu ya kamata ya kwanta. Yakan bar shi ya yi ciki a tsakiya, ruwa ya kwanta a wurin, laka ta samu mazauni. Ƙarfen da aka rataye akwatin a kai ma, idan ba a sa ma'aunin nan na magina mai ɗan kumfa a ciki ba, ko kusoshi suka saki a bulo mai taushi, sai akwatin ya sunkuya ta ɓangaren da babu mafita. Ka ɗora ma'auni a kansa kafin ka zargi tiyo. Ramin bangon kuma a toshe gefensa, don iskar waje mai laima tana shigowa ta nan ta yi gumi a bayan akwatin, ƙwari da ɓeraye ma ta nan suke bi.

Wani kuskuren na masu gida ne, kuma da kyakkyawar niyya suke yin sa. Don kada ruwa ya ɓata tsakar gida sai a zura bakin tiyon cikin jarka. Da ruwan jarkar ya taso ya rufe bakin, iskar da ke cikin tiyon ta rasa mafita, ruwan sama ya kasa saukowa yadda ya kamata, sai ya koma ɗaki. A nan babu abin da ya toshe. Ɗaga bakin tiyon sama da ruwan, ko a rage masa tsawo, shi ke nan. Wanda ya karɓi kuɗin gas a kan wannan, ya san abin da ya ci.

Bari mu koma kan ƙanƙara, domin ta nan ne maganar gas take da ɗan gindi. Idan kwayil ya yi sanyi fiye da kima, raɓar da ke kansa takan daskare. Ƙanƙarar ta yi kauri ta wuce bakin tire, idan ta narke sai ta zuba a waje da shi, wani lokaci har fanka ta riƙa watso ɓarɓashinta. Ƙarancin gas yana jawo haka, gaskiya ne. Amma raga mai datti ma tana jawowa, da fankar da ƙura ta liƙe wa fukafukai, saboda iskar da za ta ɗumama kwayil ba ta isa gare shi. Don haka a fara da mai sauƙi: a kashe, a bar ƙanƙarar ta narke da kanta, kada a sa wuƙa ko sukudireba a ɓamɓare ta, a wanke raga da fanka, a kunna a gani. Sai idan ta dawo ne za a ɗauko geji, wato ma'aunin gas.

Ku kuma sani, gas ɗin esi ba fetur ba ne, ba ya ƙonewa ya ƙare. Zagayawa yake yi a rufaffiyar hanya tsakanin akwatin ciki da na waje. Idan ya ragu, akwai inda yake tsiyaya, galibi a mahaɗar notunan bututu, kuma kumfar sabulu tana nuna wurin. Wanda ya ƙara gas bai nemo ɓular ba, ya sayar wa mutum abin da zai bi iska. Ga shi gas ɗin ba iri ɗaya ba ne. Tsofaffin na'urori R22 suke sha, wanda ake janyewa a duniya sannu a hankali ƙarƙashin yarjejeniyar Montreal ta 1987 saboda illarsa ga sararin sama. Sababbi kuwa R410A ne ko R32, shi R32 ma yana iya kama wuta. A jikin akwatin waje an rubuta irin wanda na'ura ke ɗauka. Ba a garwaya su, kuma ƙara gas ga na'urar da ba ta rasa shi ba wahalar da kwamfuresa ne.

Na san abin da ke kai yaro ga wannan ƙarya, kuma ba zan ɗora masa laifin shi kaɗai ba. Ya hau acaɓa ko Keke Napep da kuɗinsa, ya zo ya gano matsala cikin minti goma, ya gyara, sai mai gida ya ce, "Au, dama ɗan wannan ne?" ya miƙa masa abin da bai kai kuɗin motarsa ba. Gobe idan aka kira shi, ya koyi darasi: ya ɗauko tukunyar gas, ya ɗaura geji, ya ɓata awa guda, a biya shi da daraja. Masu gida da yawa su suka koya wa masu gyara yi musu ƙarya. Duk da haka, ƙanena, mafitar ba ita ce ƙaryar ba. Ka faɗi kuɗin zuwa da dubawa tun a waya, kafin ka taso. Idan ka zo, ka yi aikin a gaban mai shi, ka nuna masa ruwan da ya tsaya a tire, ka nuna masa abin da ka zaro, ka wanke raga da tire, ka gwada da buta ya ga ruwa na fita. Mutum yana biyan abin da ya gani da idonsa cikin daɗin rai fiye da abin da aka gaya masa. Unguwa kuma ƙarama ce. Ranar da wani ya zo bayanka ya ɗaga tiyo daga jarka ruwa ya tsaya, labarin gas ɗinka zai riga ka isa majalisa.

Ku kuma da ba sana'arku ba ce, maza da mata, akwai rabonku a aikin. Ɗaga murfi da zare raga ba ya bukatar makaniki. A wanke ta da ruwa duk mako biyu, a lokacin hazo ma duk mako, a shanya a inuwa ta bushe kafin a mayar. A ƙarshen Afrilu ko farkon Mayu, kafin ruwan farko, a kashe wuta a yi gwajin buta, a leƙa bakin tiyon a waje a ga ko zanzaro ya yi gini. Mai mota ma ya lura: ruwan da ke ɗiga a ƙarƙashin mota idan esi na aiki alamar lafiya ce, ranar da ya daina ɗiga kuma kafet ɗin gaban fasinja ya jiƙe, ɗan tiyonta ne ya toshe. Amma ku san iyakarku. Idan bakin tiyon yana hawa na biyu ne, ko an binne bututun a cikin bango, ko esin irin na cikin silin ne da ake sa wa a bankuna da manyan ɗakunan taro, wanda ke da ƙaramin famfo da makunnin da ke kashe shi idan ruwa ya taru, ku kira mai sana'a. Silin na POP da ya sha ruwa yana iya ruftowa gaba ɗaya.

Saura inda ruwan zai sauka. Ku bi ta kasuwa ko layin shaguna masu bene ku ga yadda tiyo ke leƙowa daga sama yana ɗiga a kan masu wucewa da kayan mai tireda na ƙasa. A unguwa kuma a sake shi a lungu, ko a jikin katangar maƙwabci, wadda idan ta ƙasa ce gindinta zai riƙa zaizayewa. Wanda ke ciki yana shan sanyi, wanda bai san hawa ba bai san sauka ba yana shan caɓi. Mita biyu ko uku na bututun roba da 'yan maƙalai sun isa su sauko da ruwan har ƙasa. Idan tara shi za a yi, a riƙa juyewa kullum, domin sauro ba ya bukatar fiye da mako ɗaya zuwa kwana goma daga ƙwai zuwa mai cizo. Ruwan yana da kyan gani, ba shi da gishiri, amma ya wanko ƙurar ɗaki da yauƙin tire, don haka ba na sha ba ne, ba na girki ba, kuma kada a zuba shi a batirin sola da sunan tataccen ruwa. Yana yin gugar daɓe, yana yin wankin babur da zuba wa masai. Wanda ke da zogale ko lemun tsami a tsakar gida, ya kai bakin bututun gindinsa, ya ɗaga shi kamar taƙi ɗaya daga ƙasa don kada laka ta rufe shi, ya kuma ɗaura masa ƙyallen gidan sauro saboda zanzaro, ya riƙa kwancewa yana wankewa duk ranar da ya wanke raga.